Godiyar Hajiya a Kunnen Baturiya

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa ɗaya bayan ɗaya, har lambar wayar gidanmu wani lokaci sai na tsaya na yi tunani. Amma akwai wata ranar Talata a ƙasar Norway da ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ko na so in manta ma, aminina Istifanus ba zai bari ba.

Kafin in kai ku can, bari in faɗi yadda muka tashi. A zamaninmu, a Zariya, miji ba ya jerawa da matarsa a hanya. Idan fita ta kama su tare, shi yana gaba, ita tana biye, da 'yar tazara a tsakani, kamar waɗanda hanya ce kawai ta haɗa su. Ba wulaƙanci ba ne, kunya ce, kuma kowa ya san haka. Yanzu kuwa 'yarmu Maryam da mijinta, ko daga mota zuwa ƙofar kanti ne, sai sun riƙe hannu, kamar an ce za a sace ɗaya daga cikinsu.

Ni na yi yawo a duniya. Aikin madatsun ruwa ya kai ni Yamai, ya kai ni Dakar da Alƙahira, kafin ya zaunar da ni a wani ofis a Washington, inda na yi ta hawa jirgin ƙasa safe da yamma har na yi ritaya a nan Germantown, a jihar Maryland. Ina jin Turanci da Faransanci da Larabci, da ɗan Jamusanci na sayen burodi. Na ga tsofaffin Faransawa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, na ga Misirawa a bakin kogi miji ya saƙala hannun matarsa a nasa. Duk na gani, na kuma yi sharhi a kai (sharhi bai taɓa yi mini wuya ba), amma ƙafata ba ta koyi komai ba. Shekara arba'in da uku ina gaba, matata Hajiya tana baya. A filin jirgin sama haka, a kanti haka, a hanyar masallacin Idi haka. Har na ƙware a hira ba waiwaye: in yi maganata ina kallon gaba, ita kuma in ji ta ce "uhm". Da wannan "uhm" ɗin nake sanin tana nan.

Shekara biyu da suka wuce aka yi mini aikin zuciya. Na yi kwana goma sha ɗaya a asibiti, Hajiya ta yi su a kan wata kujera da ko miƙe ƙafa ba a iya yi a kanta. Da muka koma gida ta yi wata uku tana yi mini abin da ban taɓa zaton wani zai yi mini ba sai mai wankan gawata. A kan gadon nan na yi wa kaina alkawari: idan Allah Ya tashe ni, zan gode wa matar nan da bakina. Ba "sannu da aiki" ba, wannan ko mai gyaran famfo ana gaya masa. Godiya sosai, wadda za ta ji ta san na gani.

Allah Ya tashe ni, ni kuma na kasa. Na same ta a kicin sau ba adadi, in buɗe baki, sai in ji na ce, "Ina aka ajiye ganyen shayi?" Wata rana a mota, a babban titin nan da cunkoso ba ya ƙarewa, na ce mata, "Hajiya, akwai maganar da nake so in yi miki." Ta juyo ta dube ni. Na ce ya kamata a canza tayoyin baya. Mutumin da ya tsaya gaban ministoci ya yi jawabi da harshe uku, ga shi idon matarsa ya hana shi haɗa jimla ɗaya da Hausa. Kuma wanda aka taɓa buɗe wa ƙirji ya san ba a yi masa alkawarin gobe ba. Abin yana damuna fiye da yadda nake nunawa.

Ana cikin haka yara suka haɗu suka yanka mana tikitin jirgin ruwan yawon buɗe ido, mako guda a gaɓar Norway. Don kada mu yi kaɗaici suka lallashi Istifanus da matarsa Rifkatu suka biyo mu. Mutanen Pankshin ne, suna zaune a Gaithersburg, minti goma tsakaninmu. Shi ya yi ritaya daga aikin haɗa magunguna, ita daga aikin jinya. Shekara ashirin yana ce mini Injiniya, ina ce masa Boka, kuma ba mu taɓa rabuwa ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba.

Ranar Talatar, da safe, jirgin ya shiga wani wuri da ban taɓa ganin irinsa ba. Teku ne ya kutsa cikin ƙasa, siriri, tsakanin duwatsu masu tsayin da sai ka ɗaga kai hularka ta faɗi. Ruwan shiru, kore-kore, kamar an zuba shi a kwano. Na ga Kainji, na ga Nilu a Aswan, amma waɗancan duk akwai hannun mutum a ciki. Wannan ba wanda ya zana shi a takarda. Istifanus ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Duwatsunmu ne na Filato, sai dai su an ba su ruwa."

Mun sa sunanmu a tafiyar hawan dutse, awa ɗaya da rabi zuwa wani wuri da ake hango ruwa yana zubowa daga sama. Mu kusan ashirin ne, da jagora, wata 'yar ƙasar mai dogayen ƙafafu. Ana yayyafi, don haka aka raba wa kowa rigar ruwa shuɗiya mai hula, da sandar dogarawa. Kowa ya saka, muka koma kamar 'yan makaranta ɗaya. (Ku riƙe wannan, shi ne kaɗai uzurina, kuma na san bai isa ba.) Hajiya tana fama da gwiwa. Na tambaye ta sau ɗaya ko za ta iya, ta ce, "Mu je dai, Alhaji." Na ɗauki wannan a matsayin amsa, na shige gaba.

Farkon tafiyar na cika ta da bayani. Na bayyana wa Hajiya yadda ƙanƙara ta yi dubban shekaru tana sassaƙa duwatsun nan, na kwatanta mata da yadda ruwa ke cin gindin gada. Muka wuce wata gona mai awaki, da 'yar bukkar katako da ciyawa ta tsiro a kan rufinta, na yi bayanin wannan ma. Daga nan hanya ta tsuke, ta koma ta mutum ɗaya, ta miƙe sama. Waɗanda suka fi mu ƙarfi suka yi nisa. Ba na jin komai sai yayyafi a kan hulata, da ƙwas-ƙwas ɗin sanda a bayana, da numfashi.

A nan ne tunanin ya zo mini. Idon Hajiya ne ke hana ni magana. To ga shi yau ba ido. Ina gaba, tana baya, yadda na saba, kuma Turawa ba sa jin Hausa. Na gyara murya.

"Hajiya," na ce, "ki saurare ni, kada ki katse ni, in kin katse ni ba zan iya ƙarasawa ba."

Aka ce, "Uhm."

Sai na fara. Na ce mata na san ta bar aikin koyarwarta a Zariya ta biyo ni, kuma ban taɓa tambayarta ko ta so hakan ba. Na ce na tuna ta haifi Maryam ina Dakar, labari ya same ni bayan kwana biyu, na dawo da turmin atamfa kamar shi ne zai biya. Na ce na tuna hunturunmu na farko a Washington, da na same ta tsaye a taga tana kallon dusar ƙanƙara tana hawaye, na yi kamar ban gani ba saboda ban san abin da zan ce ba. Na zo kan kujerar asibiti. Na zo kan miyar kukar da likita ya hana a sa wa gishiri, wadda ta zauna tana ci tare da ni wata uku, alhali ita lafiyarta ƙalau, don kawai kada in ga kwanonta ya bambanta da nawa. Na ce, "Kin ɗauka ban lura ba. Na lura."

"Uhm."

Ban san ina da waɗannan maganganu a cikina ba. Suna ta fitowa, muryata tana rawa, ruwan da ke fuskata ba duka ne na sama ba. Muka iso wani dutse mai santsi. Ban waiwaya ba, na miƙa hannu baya, abin da ban taɓa yi ba a bainar jama'a. Wani hannu cikin safa ya kama nawa, ya riƙe gam. Na ja shi muka haye, kuma ban saki ba. Na ce, "Duk inda na sa ƙafa kina bayana, ba ki taɓa barina ba. Na gode. Ki yafe mini."

Da haka muka fito fili, inda sauran mutane suka taru suna ɗaukar hoto, ruwa yana rugugi daga sama. Na ce a raina, yanzu kam zan iya kallonta. Na juya.

Wata tsohuwar Baturiya ce. Kumatunta sun yi ja, tabaranta ya yi hazo, farin gashi ya leƙo ta gefen hular. Hannunta yana cikin nawa. A bayanta kuma, taku biyar, Istifanus ne ya zauna a kan dutse, ya kifa kai a kan sandarsa, kafaɗunsa suna girgiza.

Harsunan nan huɗu da nake taƙama da su suka taso mini gaba ɗaya suka cushe a maƙogwaro. Na ba ta haƙuri da Faransanci, na ƙara da Jamusancin burodi, na rufe da salati. Sai daga baya na tuna ban saki hannun ba, na sake shi kamar na taɓa murhu.

Matar ta cire tabarau tana gogewa. Da Turanci ta yi magana, a hankali, tana haki. Ta ce ita 'yar Holan ce, kuma ba ta ji ko kalma ɗaya ba. "Da farko na ɗauka addu'a kake yi, shi ya sa ban katse ka ba. Da na ji muryarka ta karye, sai na gane da mace kake magana."

Na ce, to me ya sa take ta amsa mini?

"Ban amsa ba," in ji ta. "Numfashi nake nema."

Ta mayar da tabaran, ta dube ni sosai. Ta ce mijinta ya rasu shekara shida, kuma tun lokacin ba wanda ya yi mata magana da irin wannan murya, ko da bisa kuskure. "Na gode da aron. Amma ba tawa ba ce. Je ka kai wa mai ita."

Na juya kan Istifanus. "Boka, ina Hajiya?"

"Tun wajen awaki," ya ce, yana share ido. "Gwiwa ta ƙi. Rifkatu tana tare da ita, an gaya wa jagora. Ta kira ka sau biyu, kana bayanin rufin bukka."

"Kai kuma kana ji, ka yi shiru?"

"Wallahi na buɗe baki zan yi magana, sai ka kai wajen haihuwar Maryam. Wa zai katse mutum a nan? Ban da haka ni ma darasi nake ɗauka. Wajen miyar kukar nan, Injiniya, har ni sai da na yi ƙwalla."

Dariya yake yi, amma ni abin da ya tsaya mini daban ne. Kusan rabin awa ina gode wa matata don ba ta taɓa barina ba, ni kuwa na bar ta a gindin dutse da ciwon gwiwa, ban ma sani ba. Ruwan da muka hawo dominsa, wanda mutane ke tsallako teku su gani, ban san kamanninsa ba sai a hoton Istifanus. Na kama hanyar sauka. Yana bina yana cewa, "A hankali, zuciyar nan faci ce, ba sabuwa ba."

Mun same su a kan benci ƙarƙashin rufin bukkar nan. Matar mai gonar ta ba su shayi da wata irin waina da cuku mai ruwan ƙasa. Hajiya ta miƙe ƙafa ɗaya a kan kututture, Rifkatu ta naɗe mata gwiwar da gyale. Hajiya ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Har an dawo? Ya ruwan?"

Kafin in yi magana Istifanus ya riga ni. "Hajiya, yau kin yi asara. Injiniya ya yi huɗuba a kan dutse, ba ki nan. Wata Baturiya ce ta kwashe ladan, har da riƙon hannu."

Ya zayyana musu komai, yana kwaikwayon tafiyata, hannu ɗaya a baya. Rifkatu ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta. Hajiya ta rufe baki da gefen mayafi, idanunta kaɗai ke nuna abin da take yi. Sai da ya gyara tsayuwa ya ce, "Bari in faɗa miki abin da ya ce, na haddace," sannan ta ɗaga hannu.

"A'a, Baban Nanret," ta ce, don da sunan 'yarsu take kiransa. "Ba daga bakinka zan ji ba."

Rifkatu ta miƙe ta kama hannun rigar mijinta. "Zo mu ga awaki."

"Na gan su ɗazu."

"Ka sake ganinsu."

Suka bar mu. Na tsaya a gabanta, ruwa yana ɗiga daga rigata, tana kallona. Idon nan dai. Duk abin da ya zubo a kan dutse ya ƙafe. Na yi ta laluben bakin zaren, daga ƙarshe na ji kaina na ce, "Hajiya, sannu da ƙoƙari."

Ta ajiye kofin shayin.

"Baturiya ta samu rabin awa, ni na samu sannu da ƙoƙari."

Na kawar da idona daga nata.

"To juya mini ƙeya ka faɗa, in haka ya fi maka sauƙi," ta ce. Ba da faɗa ta faɗa ba. "Na saba da ita. Na fi sanin ƙeyarka a kan fuskarka, Alhaji. Ranar da furfura ta fara fito maka, ni na riga ka gani."

Da gaske take, rangwame take yi mini, kamar yadda ta saba yi mini rangwame a komai. Kuma na kusa karɓa. Har na fara juyawa, sai na ji kunyar da ta fi ta kan dutse. Na dawo na zauna a kan bencin, a gefenta, kafaɗata tana taɓa tata. Ba na kallonta, ba ta kallona, mu duka muna kallon ruwan da ke can ƙasa, da jirginmu da ya koma ɗan ƙarami a kansa.

Na sake faɗa. Bai yi kyau kamar na farko ba, wannan gaskiya ce. Na yi ta tuntuɓe, na sa Dakar a inda ya kamata in sa Zariya, na manta hunturu sai da na dawo masa. Ita kuma ba ta bar ni na yi jawabi ba. Da na ce labarin haihuwar ya same ni bayan kwana biyu, ta ce, "Uku." Da na zo kan aikin koyarwa ta ce, "Na so aikin nan." Ban taɓa jin ta faɗa ba. Da na zo kan miyar kuka sai ta yi 'yar dariya ta ce, "Ina zuba gishiri a tafin hannu in lasa idan ka shiga ɗaki."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tun ban tambaya ba, amma ta ji daɗi da na tambaya. Ta goge fuska da mayafi, ta gutsuro wainar ta miƙo mini. "Ci ka ji. Cukunsu kamar an sa masa alewa."

Saukowa ta ɗauke mu kusan awa guda, tafiyar da muka yi cikin minti ashirin da safe. Hanyar daga gonar zuwa tasha tana da faɗi, ta dogara da sanda a hannu ɗaya, da ni a ɗayan. A bakin jirgi muka ci karo da Baturiyar. Na so in ɓuya a bayan Istifanus, amma Hajiya ta ce in nuna mata ita. Ta je ta kama hannayenta biyu, ta ce mata da Turanci ta gode da ta riƙe mata ajiya. Suka tsaya suna dariya, ni ina nazarin igiyar da aka ɗaure jirgi da ita kamar an aiko ni dubawa.

Labarin ya riga mu isowa Maryland, don Boka ba ya ajiye magana. Har yau idan muka haɗu a wajen suna ko biki, sai wani ya matso ya tambaye ni ya mutanen Holan. Na daina musu. Darasin da na samu, ga duk mai irin halina, ba shi da tsawo: kafin ka zazzage abin da ke zuciyarka, waiwaya ka ga wa ke bayanka.

Akwai wani abu kuma da ban zata ba. Likita ya ce mu riƙa zagaya tafkin unguwarmu kowace safiya, ni don zuciya, ita don gwiwa. A wannan zagayen na gano ashe Hajiya mai hira ce a hanya. Tana da ra'ayi a kan kowane kare da mai shi, ta raɗa wa agwagin tafkin sunayen 'yan uwana, kuma sunayen sun dace. Na tambaye ta yaushe ta fara wannan. Ta ce tun muna Zariya take yi, ni ne dai na yi nisa ba na ji.

Tun daga ranar Talatar nan ban sake shiga gabanta a hanya ba. Tare muke jerawa, da saurin gwiwarta.